Jarkar lita 25 a ƙarƙashin nauyi: kundin aikin gwaji a kwamfuta

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Alhaji ya kira ni ofis da safe, na tarar da jarka biyu a gaban teburinsa, irin ruwan ɗorawar nan ta lita 25 da muke buga wa masu man girki. Ɗaya lafiyarta ƙalau. Ɗayar ta durƙushe ta gindi kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. Daga siton wani dila aka dawo da ita, ita ce ta ƙasa a jerin jarka biyar.

Abu biyu yake so, kuma ba sa ga maciji da juna: a daina dawo mana da kaya, sannan a rage nauyin jarkar daga giram 1,150 zuwa 1,050 saboda tsadar HDPE, robar da muke ƙera jarkar da ita. Giram 100 a jarka dubu uku kullum, kilo 300 ke nan, buhu 12 masu kilo 25 cif.

"Injiniya, ba kai ka ce kwamfuta na iya gwada abu tun kafin a ƙera shi ba?"

Na ce, "Tana iyawa, ranka ya daɗe, in an gaya mata gaskiya."

Ya ba ni wata biyu. Hanyar da zan bi ita ce wadda ake taƙaita sunanta da FEA. Ana zana jarkar a kwamfuta, a yayyanka jikinta ƙanana-ƙanana kamar idon raga, a gaya wa kowane ido taurin robarsa da kaurinsa, sai a ɗora faranti a sama a danna. Kwamfuta ta lissafa yadda kowane ido ke ture maƙwabcinsa har a ga inda za ta fara lotsawa. Dabarar ta girmi yawancinmu, masu ƙera jirgin sama ne suka raine ta a shekarun 1950, kuma Ray Clough na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya raɗa mata suna a 1960.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Batun manhaja. Abaqus da ANSYS su ne manya, amma lasisinsu ba na ma'aikata irin tamu ba ne. Abaqus na ɗalibai kyauta ne, sai dai ƙulli 1,000, wato mahaɗun idon raga, kawai yake yarda da shi, wanda ko hannun jarka ba zai ishe shi ba. Na tsaya a kan na kyauta: FreeCAD don zane, PrePoMax don shirya raga da kallon sakamako, CalculiX don lissafin kansa. Na ƙara wa laftof ɗina RAM daga giga 8 zuwa 16, naira 25,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Zane kawai. Zanen da ya zo da mol ɗin, wato ƙarfen da ake hura jarkar a cikinsa, cike yake da rubutu da tambari da zaren murfi. Duk na goge, ba sa ɗaukar nauyi, raga kawai suke dagulawa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Lissafin farko ya fito, kuma na yi murnar da bai kamata ba. Na ba jikin kauri ɗaya, milimita 2 ko'ina, domin in ka raba nauyin jarkar da faɗin fatarta abin da za ka samu ke nan. Taurin roba na sa 1,000 MPa (megapaskal, ma'aunin tauri da matsi), kusa da abin da takardar masu sayar da roba ta ce. Na yi lissafi mai sauƙi, wanda ke neman nauyin da cikakken siffa marar aibi zai fara lanƙwashewa. Amsa: Newton 7,900, wato kamar kilo 800.

Jarka cike da mai kilo 24 ce, man 23 jarkar ɗaya da ɗan kai. Huɗu a kan ta ƙasa kilo 96, kusan Newton 940. In haka ne ai muna da rarar ninki takwas, a rage giram 200 ma ba komai. Har na ɗauki waya zan kira Alhaji, sai na tuna da durƙusasshiyar da ke ofishinsa. Na ajiye wayar.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Gani ya kori ji. Na ɗauki jarka takwas a adaidaita sahu zuwa ɗakin gwaji na wata makarantar fasaha. Kuɗin inji na yini naira 40,000, mota 4,500. Mun ɓata awa biyu kafin a samo mai mukulli, sannan farantin injin ya yi wa jarkar ƙanƙanta, sai da muka nemo falankin ƙarfe muka ɗora.

Na bi tsarin ASTM D2659, wanda aka yi don danna kwantenan roba da aka hura. Muka sa faranti yana sauka milimita 10 a minti. Biyar babu komai a ciki, murfi a buɗe: mafi rauni Newton 2,950, mafi ƙarfi 3,400, tsaka-tsaki wajen 3,150. Ko rabin abin da kwamfuta ta ce ba su kai ba.

Yadda suke faɗuwa ya fi lambar amfani a wurina. Na tsuguna na zuba ido. Kafaɗa ce ke fara nutsewa kaɗan, shiru babu ƙara. Can sai wani farin layi ya bayyana a kusurwar ƙasa, kamar ɗan yatsa uku daga gindi, robar ta yi fari kamar an goga alli. Daga nan sai ɓas, bango ɗaya ya faɗa ciki, na kusa da shi ya turo waje, allurar nauyi ta zube. Duk biyar ɗin a kusurwa suka karye, huɗu ma a kusurwa guda, ta ɓangaren da ke nesa da murfi. A kwamfuta kuwa tsakiyar babban bango ne ya lotsa, kusurwoyi na tsaye ƙyam.

Sauran ukun na cika su da ruwa na ɗaure murfi. Sun haura Newton 4,000 kafin murfin ɗaya ya fara tsiyaya muka tsayar. Ruwa ba ya matsuwa, iskar da ke samansa kuma tana turo bango daga ciki.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na bar lissafi mai sauƙi na koma mai bin diddigi, wanda ke sauke faranti kaɗan-kaɗan yana sabunta siffar jarkar a kowane taki. Da farko nauyi nake ƙarawa, lissafin na kaiwa ƙololuwa sai ya tsaya cak ya ƙi gaba. Laifina ne. Bayan jarka ta karye nauyin da take ɗauka raguwa yake, ni kuma ina tilasta mata ƙari. Na juya: na ce faranti ya sauka milimita 25, kwamfuta ta gaya min nauyin da ya ji. Haka injin gaske ma yake yi. Sakamako 5,600.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An ɗauke wuta lissafi na kashi 80 cikin ɗari, batirin laftof ya mutu. Awa biyar ta tafi. Na sayi ƙaramin UPS na hannu, naira 32,000.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ranar zarto. Baba mai kula da injin hurawa, wanda ya fi shekara ashirin a kan aikin, ya leƙo allona ya ga jarkar da launi ɗaya daga sama har ƙasa. Ya tambayi ma'anar launin, na ce kauri ne, milimita biyu.

Ya yi dariya. "Yaro, wace jarka ce milimita biyu ko'ina? Kawo zarto."

Muka zana layuka a jikin jarka uku da alƙalamin maka, muka yayyanka, na bi su ɗaya bayan ɗaya da maikromita, ma'aunin kauri, da na saya naira 28,000. Gutsure 190 a kowace jarka. Har la'asar muna yi, yatsuna duk sun yi kanta.

Abin da na gani ya kunyata ni. Kusa da ɗinkin gindi, inda mol ke datse roba, milimita 3.4. Tsakiyar bango 2.1 zuwa 2.3. Kusurwoyin ƙasa 1.2, ɗaya ma 1.05, ita ce wadda ta riƙa karyewa a ɗakin gwaji. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin. Robar tana saukowa ne a matsayin bututu mai zafi, mol ya rufe, iska ta hura shi. Inda ya fara taɓa ƙarfe mai sanyi nan yake daskarewa da kaurinsa, sauran ya ci gaba da miƙewa. Kusurwa ita ce mafi nisa, ita ake isa a ƙarshe, don haka ita ke samun ragowa.

Kuma raunin ba daidai da ragin kaurin yake tafiya ba. Ƙarfin bango wajen ƙin lanƙwasa yana bin kauri sau kansa sau kansa. Milimita 1.2 a maimakon 2 ba ragin kashi 40 ba ne, ƙarfin da ya rage ɗaya bisa biyar ne da ɗan kai. Na san wannan tun aji uku a jami'a. Sani daban, tunawa a lokacin da ya dace daban.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na raba jikin jarkar shiyya 22, kowace da kaurinta daga awon Talata. CalculiX na iya karɓar kauri a kowane ƙulli, wanda ya fi kyau, amma sai na rubuta ɗan shiri da zai rarraba awon, ba yanzu ba. Gobe ko jibi azumi.

Laraba, 5 ga Maris

Kuskure biyu na tono a makon nan, duka nawa.

Na farko, don laftof ya huta na yanke jarkar biyu ta tsakiyar hannu da murfi ina lissafa rabi, da sunan dama da hagu ɗaya ne. A zane haka ne. Amma yin hakan tamkar na ɗaure ta ne na ce dole ɓangarorin biyu su karye tare kuma iri ɗaya, alhali a ɗakin gwaji kusurwa ɗaya ce ke fara sallamawa, jarkar ta karkata. Na koma cikakkiya. Lokacin lissafi ya tashi daga awa biyu zuwa kusan bakwai, sai in kunna bayan tarawihi in duba da sahur.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. CalculiX ba ya lissafa siririyar fata a yadda take, yana kumbura kowane ido ya mai da shi ɗan bulo mai kauri. Inda ido biyu suka haɗu da kaifin da ya wuce digiri 20, sai ya ɗaure wurin tamau. Ragata a kusurwoyi manyan ido gare ta, uku kacal ke zagaye lanƙwasar, ashe na yi wa wurin da ya fi rauni ƙarfen gwiwa ban sani ba. Na ƙanƙanta idon zuwa milimita 2 a kusurwa, na bar 6 a bango. Na sake ragewa zuwa 1.5 don in tabbatar, amsar ba ta motsa da abin kirki ba, na tsaya.

Yanzu 3,900, kuma karon farko kusurwar ƙasa ce ta karye a allo, daidai inda farin layin nan yake fitowa. Na daɗe ina maimaita hoton.

Talata, 11 ga Maris

Na koma ɗakin gwaji da gutsattsarin da na yanko daga bangon jarka, na fere su siffar gwajin ja. Naira 20,000. Lambobin takardar roba a digiri 23 ake auna su. Ɗakin nan 31 yake. Taurin da na samu wajen 820 MPa. Muna gauraya niƙaƙƙiyar roba a cikin sabuwa, kuma kowa a ma'aikata ita yake zargi, amma ban ga hujjar ɗora mata wannan ba, zafin ɗakin kaɗai ya isa.

Wajen shigar da layin sakamakon gwajin ja a CalculiX sai an juya shi, domin injin gwaji yana raba nauyi da kaurin farko, shi kuwa yana son na lokacin da robar ta riga ta miƙe ta sirance. Na juya. Sakamako 3,300, gwajin gaske 3,150. Tazarar kashi biyar. Jarkokin kansu sun fi haka saɓani a tsakaninsu, don haka ba zan ƙara matsa wa lambar ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kwamfuta da inji sun yarda jarkar na ɗaukar sama da Newton 3,000. A sito 940 ne kawai a kanta. To me ya durƙusar da ita? Wata ɗaya da kwana goma na yi ina koya wa kwamfuta kwaikwayon injin gwaji, alhali ba injin gwaji ne ya karya jarkar Alhaji ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na je siton da kaina. Rufin kwano ne ba silin, na ɗaga ma'aunin zafi kusa da jerin sama da ƙarfe biyu na rana, digiri 44, ga shi Afrilu ba ta ma zo ba. Masu lodi suna jera jarka da sauri, ba wanda ke duba ko gindin ta sama ya zauna a mazauninsa. Na auna wasu, sun goce da santimita biyu, wasu uku. Nauyin da ya kamata ya bi ta kusurwoyi ya sauka, sai ya hau tsakiyar kafaɗa.

Sai wani abu da ban zo nema ba. Jarkoki da yawa bangonsu ya shige ciki tun ba a ɗora musu komai ba. Na buɗe murfin ɗaya, na ji ta ja iska fuu, bangon ya dawo. Mai sito ya ce haka suke zuwa. Da ɗumi ake ɗura man, a ɗaure murfi nan take. Mai na tsukewa in ya huce: lita 25 da ta sauka da digiri 20 za ta rage kusan sulusin lita, iskar saman ma ta tsuke. Ke nan taimakon da na gani a jarkokin ruwa na ɗakin gwaji babu shi a nan. Maimakon turowa waje, cikin yana janyo bangon ne, ya fara wa nauyi aikinsa.

Laraba, 19 ga Maris

Na ƙara nauyin man a kan bango daga ciki. Zurfin santimita 45 na mai yana ba da kilopaskal 4 a gindi. Ni kuma da MPa nake aiki, ya kamata in rubuta 0.004, na rubuta 4. Da sahur na tarar da jarkata ta zama balan-balan. Daren ya tafi a banza.

Litinin, 24 ga Maris

Jarka biyu a allo yanzu, ɗaya kan ɗaya, babu faranti. Haɗuwar gindi da kafaɗa ta wahalar da lissafin, sau huɗu yana tsayawa, sai da na rage tsawon taki na sassauta taurin haɗuwar. Ga yadda ƙarfin ke zubewa. A digiri 45, da taurin wajen 500 MPa da na samu bayan na jiƙa gutsattsari a ruwan ɗumi na ja su da sauri, 3,300 ta koma kusan 2,000. Awon nan na gaggawa ne, ban ba shi cikakkiyar amana ba. Gocewar santimita biyu ta mai da ita 1,500. Bango mai shigewar milimita uku, 1,280.

Saura 340 tsakaninta da 940, kuma ban sa lokaci ba tukuna. HDPE in aka bar nauyi a kanta tana ci gaba da saki a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, zafi kuma na ƙara mata sauri. Injin gwaji minti uku yake yi ya gama. Jarkar sito sati shida take yi.

Alhamis, 27 ga Maris

Na kai wa Alhaji bayani kafin hutun Sallah. Na ce giram 1,050 da rabon kaurin yanzu ba zai yiwu ba. Amma akwai roba kwance a banza a ɗinkin gindi da ƙarƙashin hannu. A allo na kwashe daga can na kai kusurwoyi zuwa 1.5, jimilla giram 1,100, ƙarfin ya fi na jarkar yanzu da kusan kashi 15.

"To rabin abin da na nema ke nan."

"Rabi ne, Alhaji, amma ba za a dawo da ita ba, in Allah ya yarda."

Ya ce a gwada. Ya kuma yi alkawarin yi wa masu man magana su bar shi ya huce kafin ɗaure murfi. Wannan ba a hannunmu yake ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An dawo aiki. Matsar da roba a allo danna maɓalli ne, a inji kuwa yini biyu muka yi ni da Baba. Injin na iya buɗe bakin da roba ke fitowa ko ya tsuke shi yayin da bututun ke sauka, don haka ana iya ƙara kauri a tsayin da ake so. Sai dai zobe guda yake ƙarawa, kusurwa da bango gaba ɗaya. Don a kai roba kusurwa ita kaɗai sai an fere bakin ya daina zama da'ira sak, aikin mai fere ƙarfe ne, kuma in an fere ba a mayarwa. Baba ya ce kada a taɓa tukuna, na yarda da shi. Da saitin kawai muka samu 1.4 a kusurwa uku, 1.3 a mai taurin kan. Jarka 60 muka lalata, duk sun koma injin niƙa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Lissafin saki a kwamfuta na buƙatar awon da ba ni da shi, don haka na koma gwajin gargajiya. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jarkokin roba masu ɗaukar ruwa mai haɗari ta ce a ɗora nauyin jeri mai tsayin mita 3, kwana 28, a zafin da bai gaza digiri 40 ba. Man girki ba ya cikin wannan doka, aron ma'aunin na yi. A tsayin jarkarmu ya kama kilo 130.

Tsohuwar kwantena da ke bayan ma'aikata ita ce ɗakin zafina. Jarka tara cike da mai, uku-uku: ta yanzu 1,150, sabuwa 1,100, da 1,050 da Alhaji ya dage a saka. Kowace da gindin wata jarkar a kanta, sai katako, sai buhun roba biyar masu kilo 25. Da rana cikin na haura 45, da asuba yana sauka ƙasa da 30, ke nan bai cika ƙa'idar ba, na rubuta hakan a rahoto. Kafinta da katako naira 18,000. Kuɗin da aikin ya ci zuwa yau 167,500, ban da robar da aka lalata.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Awo safe da yamma. Duk sun nutse milimita huɗu zuwa shida a ranar farko, daga nan suka lafa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ɗaya daga cikin 1,050 ta durƙushe cikin dare, kwana tara. Buhuna sun zube sun bugi ta kusa da ita, dole na cire waccan ma daga lissafi. Mai ya malale, sai da muka zuba buhu biyu na ɗusar katako. Na yanka ta: kusurwar nesa da murfi, milimita 0.95. Na aika wa Alhaji hoton, bai ce komai ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Kwana 15. Ta ƙarshe a 1,050 ta karkata, ba na jin za ta kai Juma'a. Cikin tsofaffin 1,150 ɗaya ta fara farin layi a kusurwa. Sababbin uku suna milimita 8, 8 da 9, kuma tsakanin jiya da yau allurar ba ta motsa ba.

Awon nutsewar nan na kullum shi zan yi amfani da shi in gina lissafin saki, in ga ko kwamfuta za ta iya faɗin kwana tara da kanta. Kafin nan zan rubuta shirin rarraba kauri a kowane ƙulli, shiyya 22 ta yi kaɗan a wajen kafaɗa. Mai fere ƙarfe ya ce fere bakin injin naira 150,000, na ce ya dakata sai 5 ga Mayu in an sauke buhunan. Gobe da safe zan sa a ɗaure igiya tsakanin layukan, kada wata ta sake faɗo wa 'yar'uwarta.